Abubuwan da Ke Kewaye da Mu: Dutsen da Aka Fasa a Ɗantutture

A watan jiya mun yi taɗi a kan kanwa da gishiri. A wannan wata kuwa za mu ɗauko wani dutse wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, ko da yake ana haƙo shi a ƙasarmu, ana kuma kai shi ƙasashen waje. Sunansa fulorait. Abin da ya sa muka zaɓe shi, wani abu ne da muka gani da idonmu bayan kaka, sa'ad da muka kai ziyara gidan wani abokinmu manomi a Ɗantutture, can ƙasar Dutsin-Ma.

Babban ɗan maigidan ya yi cin rani a jihar Taraba, inda ya yi aikin lebura a ramukan haƙar ma'adinai. Da zai komo gida sai ya zo da tsarabar wani dutse, girmansa ya kai dunƙulen hannu biyu. Waɗanda suka gan shi tun yana ɗungum sun ce mana ƙwayoyi ne birjik a kansa, kowace da kusurwoyi kamar sukari mai ƙwaya, launinsu kore ne mai shuɗi-shuɗi, har mutum yana iya hango cikinsu. Wani mai sayen duwatsu ya gan shi a kasuwa, ya juya shi, ya juya, ya ce ai banza ne, amma zai taimaka ya ba da kuɗin cefane. Saurayin ya ƙi. Da mutumin ya biyo shi har gida ya ƙara tayi, sai mutanen gidan suka ce lalle akwai magana. Kawun yaron ya ce ba shakka daimon ne a ɓoye a ciki, shi ya sa baƙon ya nace. Aka ɗauko guduma. Bugu biyu, dutsen ya tarwatse, ba daimon ba dalilinsa. Da mai sayen ya komo ya ga ɓaraguzan, sai ya kama baki, ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko tayi bai sake yi ba.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Maigidan ya tuna akwai waɗansu fararen duwatsu masu ƙyalli a gefen gonarsa, waɗanda garma takan tono kowace damina. Ya ƙudura zai sayar da shanun nomansa biyu, ya ɗauki lebura a haƙa rami. Uwargidan ba ta yarda ba, an kwana biyu ana ja-in-ja a kan haka. A cikin wannan hali muka same su.

Bayan an gaisa an sha ruwa, maigidan ya sa aka kawo ɓaraguzan a faifai, da duwatsun gonarsa a ƙwarya. Ya ce, "Malam, kai da ka yi karatun waɗannan abubuwa, dubo mana. Ashe ba iri ɗaya ba ne?"

Muka ce, "Maigida, a ba mu wuƙa da tsohuwar kwalba."

Yadda ake gane shi

Muka sa bakin wuƙa a kan ɓaren dutsen Taraba muka ja, sai ga zane fari ya fito. Muka ja a kan dutsen gona, wuƙar ta zame, ba ta bar kome ba. Muka goga dutsen gona a jikin kwalba, ya zane ta sarai. Na Taraba kuwa ya kasa. Muka faɗa wa maigidan cewa dutsen gonarsa ƙanƙara ce, irin wadda kakanninmu suke ƙyasta wuta da ita, tana kuwa ko'ina a ƙasar nan tamu mai duwatsu. Wanda ɗansa ya kawo shi ne fulorait.

Wannan gwaji ba mu muka ƙago shi ba. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma bisa ga taurinsu, daga mai lamba 1, wanda farce yake kankarewa, zuwa daimon mai lamba 10. Kowanne yana zane wanda yake ƙasa da shi. Fulorait shi ne mai lamba 4, ƙanƙara kuwa 7. Wuƙa da gilashi suna tsakanin 5 da 6. Saboda haka wuƙa takan ci fulorait, ƙanƙara kuma takan ci gilashi. In za ku gwada, ku gwada a gindin dutsen ko a wani ɗan ɓare, kada ku zane fuskarsa.

Alama ta biyu ita ce siffa. Fulorait yakan tsiro da ƙwayoyi masu fuska shida daidai wa daida, kamar ɗan akwati. Wani lokaci yakan fito da fuska takwas, kamar a ɗauki dalar gyaɗa biyu a haɗa gindinsu. Ba hannun mutum ya sassaƙa su ba, haka suke fitowa daga ƙasa. Ita ƙanƙara in ta sami wurin tsirowa, doguwa take yi mai gefe shida da tsini a kai, kamar fensir da aka fiƙe.

Alama ta uku ita ce yadda yake fashewa. Ƙanƙara takan fashe barkatai kamar kwalba. Fulorait kuwa yana da hanyoyin tsagewa ta fuska huɗu, yakan rabu sumul kamar an yanka da reza. Wannan ne ya sa bugu biyu suka ishe shi. Yana kuma da ɗan nauyi a hannu: ya fi ruwa nauyi sau uku da ɗan ɗori, ƙanƙara kuwa ba ta kai sau uku ba.

Launi shi ne abin da ya fi ruɗin mutane, gama fulorait ba shi da launi ɗaya. Akwai kore, da shuɗi, da rawaya, da shunayya, da ruwan hoda, akwai kuma wanda yake garau kamar ruwa. Tsantsarsa ba shi da launi ko kaɗan. Ɗan abin da ya gauraya da shi sa'ad da yake tsirowa, da irin dutsen da ya zauna a cikinsa, su suke rina shi. Akan sami ƙwaya ɗaya mai launi biyu ko uku a jere kamar saƙar zane. Don haka wanda ya dogara ga launi kaɗai zai ɗauki fulorait a kan wani dutse mai tsada, ko ya ɗauki ƙanƙara mai launin shunayya a kan fulorait.

Inda yake fitowa

Fulorait haɗin abu biyu ne: kalsiyam, wanda yake cikin ƙashi da alli, da wani sinadari mai suna fulorin. Ruwa mai tsananin zafi da yake tasowa daga ƙarƙashin ƙasa shi yake ɗauko su, ya bi tsagogin duwatsu. Sa'ad da ruwan yake hucewa sai ƙwayoyin su riƙa tsirowa a jikin tsagar a hankali a hankali. Inda tsagar ta cika maƙil, dunƙule ake samu marar siffa. Inda aka bar ɗan kogo, nan ƙwayoyi suke samun sarari su fito da kusurwoyinsu. Irin wannan kogo ba shi da yawa, shi ya sa kyakkyawan fulorait yake da wuyar samu.

A Nijeriya ana samunsa a manyan wurare biyu. Na ɗaya, duwatsun kuza na ƙasar Jos da maƙwabtanta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, kudancin jihar Kano. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwar Kano. A cikin jijiyar dutsen da take ɗauke da kuzar nan akwai fulorait, tare da tama ta tutiya da ta dalma. Na biyu, kwarin Binuwai, musamman Arufu da Akwana wajen Wukari, inda yake fitowa tare da dutsen tozali. A shekarun baya-bayan nan fulorait na jihar Taraba ya shiga hannun masu tara duwatsu na ƙasashen waje, suna kuwa yabon launinsa.

A duniya, ƙasar Sin ita take haƙo fiye da rabin abin da ake samu kowace shekara. Meziko, da Mongoliya, da Afirka ta Kudu suna biye. Yawancinsa masana'antu yake tafiya. Tun a shekarar 1530 wani masani Bajamushe, Georgius Agricola, ya rubuta cewa masu narka tama suna zuba shi a wuta domin ya sa kashin maƙera ya tsinke ya gudana, ƙarfe ya rabu da datti. Daga kalmar Latin mai ma'anar gudana sunansa ya fito. Har yanzu ana amfani da shi wajen yin baƙin ƙarfe da goran ruwa. Daga gare shi ake samun fulorin, wanda wani Bafaranshe, Henri Moissan, ya fara warewa a shekarar 1886. Iskar da take sanyaya waɗansu firiji, da sinadarin da ake sa wa man goge haƙora don hana su ruɓewa, duk daga nan asalinsu yake. Ashe dutsen da ba mu san sunansa ba ya daɗe da shiga gidajenmu.

Akwai wani abin mamaki kuma. In aka haska waɗansu irinsa da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita, a cikin duhu, sai su yi haske shuɗi kamar an kunna su. A shekarar 1852 wani malamin Jami'ar Kambirij, George Stokes, ya bincika wannan hali ya raɗa masa suna daga sunan dutsen. Doguwar fitilar lantarki da ake kira fuloresan, can ta gāji sunanta.

Me masu tarawa suke nema?

Nan ne maigidan ya yi tambayar da ta fi kowace. Ya ce, "To, Malam, in ba daimon a ciki, me mutumin nan yake bi har gida?"

Muka juya wajen uwargidan muka ce, "Uwargida, jeren kwallayen da yake ɗakinki, kina cin tuwo a cikinsu?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, wa zai ci tuwo a kwallar jere?"

"In ɗaya ta faɗi ta ɓantare fa?"

Ta ce, "Ai ta tashi daga jere, sai dai a zuba wa kaji ruwa."

To, haka al'amarin yake. Fulorait iri biyu ne a kasuwa. Akwai na masana'anta, wanda ake loda wa mota, a auna da tan, a niƙa. Wannan ko a fashe yake ba kome, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Akwai kuma na jere, wanda ake saye ɗaya ɗaya saboda kyansa. A Turai da Amurka da Sin da Japan akwai dubban mutane masu tara ma'adinai kamar yadda waɗansu suke tara kan sarki. Gidajen adana kayan tarihi da jami'o'i su ma suna saye domin koyarwa. Suna da manyan kasuwanni na shekara shekara. Wadda ta fi suna ita ce ta birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka, wadda aka fara a shekarar 1955, tana ci a watan Fabrairu. Akwai wata a Munich ta Jamus a watan Oktoba. Dutsen da ya bar rami a Taraba yakan bi hannu da yawa, ta Jos ko wani birni, kafin ya kai can, kowane hannu kuwa yana ɗora ribarsa.

Abu huɗu suke dubawa. Na fari, kusurwoyin ƙwayoyin su kasance lafiya, ba ɓantarewa, ba zane. Na biyu, launi da tsabtar ciki. Na uku, ƙwayoyin su kasance zaune a kan uwar dutsen da suka tsiro a kai, gama wannan yana nuna yadda aka same su. Na huɗu, wanda mutanenmu suka fi mantawa, a san ainihin wurin da aka haƙo shi. Dutse mai takarda da ta faɗi sunan rami da gari da shekara ya fi ɗan'uwansa marar takarda daraja nesa, domin masu tarawa suna bin wuri kamar yadda mai sayen doki yake bin asali.

Ga misalai. A Castleton, cikin Derbyshire ta Ingila, akwai wani fulorait mai ratsin shunayya da rawaya da ake kira Blue John. Tun ƙarni na 18 ake sassaƙa kofuna da tuluna na ado da shi, kaɗan kuma ake haƙowa a shekara don kada ya ƙare. A Weardale, arewacin Ingila, ramin Rogerley ya yi suna da koren fulorait wanda yakan koma shuɗi in an fito da shi hasken rana. Tun daga shekarun 1970 aka riƙa haƙar ramin nan domin masu tarawa kaɗai, ana ciro duwatsun a hankali kamar ana ɗaukar ƙwai. Jihar Illinois ta Amurka ta ɗauki fulorait ya zama ma'adinin da take alfahari da shi a shekarar 1965. Raminta na ƙarshe ya rufe a 1995, waɗanda aka adana da takardunsu kuwa sai ƙara daraja suke yi, tun da yake ba sabo. A nahiyarmu ma, na Okorusu a Namibiya da na El Hammam a Maroko sanannu ne.

Da muka gama wannan bayani, kawun yaron ya yi shiru, can ya ce, "Wato da hannunmu muka mai da na jere ya zama na masana'anta." Ba wanda ya amsa masa. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya fi hasarar kuɗi

Muna cikin juya ɓaraguzan sai muka ga waɗansu gutsattsari masu launin toka, masu nauyi, suna ƙyalli kamar azurfa. Uwargidan ta ce ai tozali ne, ta ware su za ta niƙa ta sa wa jikanta jariri a ido. Gaskiyarta, dutsen tozali ne. Amma dutsen tozali tamar dalma ce, dalma kuwa guba ce, ta fi kuma cutar ƙananan yara. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta hana yaro girma da fahimta, in ta yi yawa ta kawo jijjiga da mutuwa. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, sa'ad da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Muka roƙe ta, ta kuwa yarda aka kwashe gutsattsarin aka kai nesa da gida da rijiya aka binne.

Iyaye mata, ku riƙe wannan. Duk dutsen da aka kawo daga ramin haƙa, kada a daka shi a turmin gida, kada a niƙa shi a dutsen niƙa, kada a bar yaro ya sa shi a baki. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Waɗansu 'yan kasuwa suna cewa fulorait yana maganin mantuwa ko damuwa in an rataya shi ko an jiƙa an sha. Ba wani binciken likita da ya tabbatar da haka. Kada ku ba da kuɗinku, kada kuma ku sha ruwansa.

Shawara ga wanda dutse ya faɗo hannunsa

Kada ku fasa shi don ganin abin da yake ciki. Abin da ake nema yana waje.

Kada ku goge shi da yashi ko toka, kada ku shafa masa mai don ya yi ƙyalli. Ruwa mai sanyi da tsohon buroshin haƙora mai laushi sun isa. Ruwan zafi da wuta suna tsaga shi.

Ku naɗe kowane ɗaya dabam da takarda ko auduga. In aka zuba su buhu ɗaya, kafin a kai gida sun cinye kusurwoyin juna.

Ku ajiye shi a inuwa, gama rana takan kashe launin waɗansu.

Ku rubuta inda aka samo shi da shekarar, ku ajiye takardar tare da shi.

Kada ku sayar a tayin farko, kada kuma nacin mai saye ya sa ku zaci abin da ba shi ne ba. Ku nuna wa wanda ya sani. Akwai sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos, akwai kuma hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, wadda asalinta ya faro tun 1919. Matambayi ba ya ɓata.

Game da haƙa rami kuwa, ku sani bisa ga dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da yake ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonar mutum yake. Mai son haƙa sai ya nemi izini, akan kuma ba ƙananan masu haƙa, musamman in sun haɗu sun yi ƙungiya. Ramin da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba yakan rufta da mutane, ya kuma bar gona ba ta noma. Kada magidanci ya sayar da abin da yake ciyar da iyalinsa saboda dutsen da bai ko san sunansa ba.

Maigidan bai sayar da shanunsa ba. Da muka tashi tafiya ya rako mu har bakin hanya, ya ce, "Malam, wuƙar da take ɗakina shekara da shekaru, ashe ita ce za ta raba mu gardama." A cikin ɓaraguzan mun tsinci ɓare ɗaya da ƙwayoyi uku suka tsira a kansa. Ƙaramar 'yar gidan, wadda take aji biyar a firamare, ta shimfiɗa auduga a gwangwani ta ajiye shi, ta rubuta sunansa da inda wanta ya samo shi. Ta ce za ta kai wa malaminsu ya nuna wa 'yan aji. Shi kuma wan nata ya ce in ya koma cin rani zai tafi da tsofaffin jaridu da kwali.

Yara masu karanta wannan shafi, ga aiki. Ku tsinto duwatsu biyar dabam dabam a unguwarku, ku roƙi baba ko yaya ya gwada muku su da wuƙa da kwalba, ku rubuta wanda ya zanu da wanda ya yi zane, da inda kuka tsinci kowanne. Ku aiko mana da abin da kuka gano. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan farar ƙasa ta Ƙanƙara da abin da ake yi da ita.